Ƙyallen da Baba Bai Ɗaura Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran gaba ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a nemanka, Ya kuma tsare ka daga masu fuska biyu, waɗanda a 'yan watannin nan na gane sun fi yawa a duniya fiye da yadda nake zato. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi sosai tun da ta fara shan maganin da ka aiko, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai in ta ga baƙi ta ɗauko sandar don a yi mata sannu. Auta ta gama jarrabawa, tana zaman jiran sakamako da cinye mana duk abin da aka ajiye. Gwaggo tana nan da surutunta, bai ragu ba ko kaɗan. Baba ma da sauƙi, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Rufin ɗakin tsakiya har yanzu yana yoyo, zan zo kan dalilin, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka fara faɗa.

Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ka, domin a waya kai ne mai magana, ni tawa ba ta wuce to, Yaya. Inna ta gaya mini Dogo ya nemi lambarka ya kira ka har sau biyu, wai ka sa baki a daidaita tsakaninsa da gidanmu, kai kuma ka ce za ka yi mini magana domin ka san ni ce mai taurin kan. Ba ka yi ƙarya ba, ni ce. Ka kuma lura na rubuta Dogo kawai. Mutumin da muka tashi muna durƙusa masa muna ce masa Kawu, wanda ya riƙe hannunka ranar da aka fara kai ka makaranta, bakina ya daina iya kiransa da wannan suna. Kafin ka yi masa alkawarin komai, ina so ka ji abin da ya faru daga wadda aka yi a gaban idonta, ba daga wanda ya iya sassauta murya a waya ba.

Ka san yadda Baba yake aikinsa, amma shekarunka da barin gida sun yi yawa, bari in tuna maka. Shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki a shagon nan na bakin layin teloli. Ba ya taɓa keke sai ya sa mai shi ya taka ya ɗinka layi ɗaya, shi kuma ya rufe ido ya saurara. Idan ya gama gyara, sai ya yanki ɗan ƙyalle fari, ya ɗinka layi uku a kai, ya rubuta ranar da za a dawo da keken bayan wata shida, ya ɗaure a wuyan keken. Ranar dawowar nan ba ya karɓar ko kwabo. Ya share ƙura, ya ɗiga mai, ya taɓa nan ya taɓa can, ya kwance tsohon ƙyallen ya ɗaura sabo. Tun ina yarinya nake riƙe masa gwangwanin man, har hannuna ya faɗa, har kai ka fara tsokanata da Injiniya. A layin nan babu keken da ba ya ɗauke da ƙyallen Baba a wuyansa. Dogo kuwa ba sai wata shida ba, kullum safiya a bencin shagonmu yake shan shayi kafin ya buɗe nasa shagon, yana da kofinsa na kansa, wannan mai ɓallen hannu.

Wata biyar da suka wuce, da hantsi, wata farar mota ta tsaya a bakin layin. Wani ɗan kasuwa mai zaƙin baki ya fito da tebur, ya jona waya, ya ɗora wani keke fari fes mai fitila da maɓallai. Ya ɗauko yadi mai laushi, ya danna nan keken ya zana fure, ya danna can ya rubuta suna. Yaya, da ka ga teloli! Manya masu jikoki suka bar aiki suka kewaye tebur baki buɗe. Mutumin ya ce keken nan ba ya shan mai, ba ya son bakanike, ba a taka shi, kuma duk wanda ya kawo tsohon kan kekensa za a rage masa kuɗi, amma garaɓasar ta kwana bakwai ce kacal. Sai shugaban teloli ya aika a kira Baba ya duba. Baba ya zo, ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya nemi izini ya buɗe cikinsa. Ya nuna musu haƙoran da ke juya allura, ya ce na roba ne. Ya ce keken ba shi da laifi ga matar gida mai ɗinke yagewar rigar yara, amma ba zai ɗauki aikin shago daga safe zuwa yamma ba, balle yadi mai kauri. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, cikin muryarsa ta kullum.

Ɗan kasuwar ya yi dariya, ya ce ai dole mai gyara ya kushe abin da ba ya lalacewa. Wannan bai dame ni ba, baƙo ne, cinikinsa yake nema. Wanda ya kashe mu Dogo ne. Yana tsaye kusa da Baba, shayinmu na safe ko gama narkewa bai yi a cikinsa ba, ya ɗaga murya ya ce shi dama ya daɗe yana tunani. Wai wane irin gyara ne shekara arba'in ba ya ƙarewa? Wai Baba yana barin noti ɗaya a kwance da gangan, sannan ya ɗaura wa keke ƙyalle kamar akuya don ya san ranar da za ta dawo gida. Aka fashe da dariya. Na san don a yi dariyar ya faɗa, don ɗan kasuwar ya dube shi da kyau, amma ka san yadda mutane suke. Kafin dariyar ta lafa, wannan ya tuna kekensa ya taɓa tsinka zare sati biyu bayan gyara, wancan ya tuna nasa ya taɓa karya allura. Mutanen da da safiyar ranar suka gaishe shi da Malam, kafin azahar sun gama yarda cewa shekara arba'in yana cutarsu. Baba ya sunkuya kan teburin. Ya rufe cikin keken mutumin, ya ɗaure notin tsaf, ya sa sukudirebarsa a aljihu, ya kama hanyar gida.

Ba a cika kwana bakwan ba, a kwana huɗu layin ya koma fari. Wanda bai da kuɗi ya sayar da abin da yake da shi, don kada maƙwabcinsa ya riga shi. Ina zaune a ƙofar shago ina kallo suna wucewa da kawunan kekunansu a kafaɗa, wasu na kawar da kai, wasu kuwa har da yi mini murmushi. Kada ka ce teloli kaɗai ne. Gwaggo, wadda ko zare ba ta iya sa wa allura ba, ta sayi ɗaya ta ɓoye a ƙarƙashin gado, wai ta ji an ce zai ƙare. Kai ma, Yaya, ban manta ba. Da na kira ka ina kuka, cewa ka yi zamani ya canza, a rufe shagon Baba ya huta, a sa kayan waya a ciki. Ban riƙe ka ba, amma ban manta ba. Baba kuwa tun daga ranar bai sake taka layin ba. Ya shiga ɗaki ya zauna. Abinci sai Inna ta yi da gaske yake cin loma uku. Ba ciwon da likita zai gani, amma wandonsa sai da aka ƙara wa ɗamararsa huda biyu. Wata rana na ji yana tambayar Inna a hankali ko ita ma ta taɓa zaton yana cutar mutane. A ranar na ci alwashin sai kowannensu ya lashe abin da ya tofar.

Ni na ci gaba da buɗe shago, ina wasa almakashi da gyaran zif don kada a ce mun rufe. Bayan kamar wata guda na je wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa neman wani ɗan ƙarfe, sai na hango tudu a bayan sikelinsa. Kawunan kekuna ne baƙaƙe, an jibge su kamar duwatsu, ruwan sama ya dake su. Ashe ɗan kasuwar bai ma ɗauke su daga garin ba, a kilo ya sayar. Na matsa kusa, sai ga ƙyallayen Baba a wuyansu, kowanne da rubutun hannunsa, wasu ranar dawowarsu ma ba ta yi ba. Yaya, na tsuguna a cikin tsatsar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ci masa fuska. Da na share hawaye na tambayi mai ƙarafan yaushe za a kwashe, ya ce jibi babbar mota za ta zo a kai su narkarwa. To ga inda kuɗin rufin da ka aiko ya tafi. Na saye su duka, guda goma sha tara, na ɗauko mai kura ya kai mini gida. Na san ban nemi izininka ba. In ka zo ka yi mini duk faɗan da za ka yi, amma ko yau aka maimaita, haka zan sake yi, mu ci gaba da tara ruwa a bokiti.

Na jera su a rumfar tsakar gida, kullum in na dawo sai in ɗauki ɗaya in wanke da kananzir, in goge tsatsa, in ɗora a tebur in taka. Tagar Baba tana kallon rumfar, amma ko labule bai ɗaga ba. Sati uku ina wannan, sai wata dabara ta zo mini, kuma ina jin kunyar faɗa maka. Abin da aka yi wa Baba ƙazafi da shi, ni na aikata. Na ɗauki keken shugaban teloli, na kwance noti ɗaya da gangan a wajen kwarkwaro, inda zaren ƙasa yake zama, na zauna daidai tagar na yi ta takawa yana ƙwas-ƙwas. Na yi kwana biyu ina damun gidan da wannan ƙara. A rana ta uku, da la'asar, sai na ji muryar Baba daga ɗaki, ya ce wannan keken shugaba ne, kuma wace irin Injiniya ce ba ta jin kwarkwaro na buga gefe. Na ce ni ban ji komai ba. Sai ga shi ya fito ba takalmi, ya ture ni daga kujera, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa sukudireba. Inna tana bakin murhu ta juya baya tana goge ido da mayafi. Daga ranar tare muke aikin. Bai tambaye ni inda na samo su ba, ni ma ban ce komai ba. Kowanne ya taɓa, sai ya faɗi mai shi tun kafin ya duba ƙyallen.

Ana haka lokacin komawa makaranta ya matso, aka kawo wa layin aikin kayan 'yan makaranta kamar kowace shekara, yadin nan mai kauri da ka sani. A satin farko fararen kekuna suka fara tari. A sati na biyu haƙoran robar suka cinye, allura ta tsaya cak, fitila dai tana ci, maɓallai na ƙyalli, amma ba ɗinki. Aka kira lambar ɗan kasuwar, a kashe. Aka je inda ya ce ofishinsu yake, aka tarar ana sayar da katifu. Sai ka ji yadda baki ya juya! Wanda ya fi kowa rawar kai ranar farar mota, shi ne ya fara rantsuwa cewa shi dama zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wani ya ce matarsa ce ta matsa masa. Kowa ya tuna Baba ya faɗa, kowa ya tuna shi bai yi dariya ba. Na yi ta mamaki, to wa ya yi dariyar da na ji da kunnena? Suka bazama kasuwa neman tsofaffin kekuna, masu sayarwa suka ga an zo a guje suka ninka kuɗi, wasu cikin gaggawa suka sake kwaso ruɓaɓɓu. Ga iyayen yara suna zuwa kullum suna zagi, ga shugabannin makarantu suna cewa za su kwashe aikin su kai wani wuri.

Sai da na bari abin ya nuna sosai. Ranar wata Litinin na sa aka kwaso kekunan nan goma sha tara, na jera su a kan benci biyu a ƙofar shago, sun sha mai suna sheƙi, kowanne da tsohon ƙyallensa. Na ɗauko kujera na zauna na harɗe ƙafa. Yaya, ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, Allah Ya yafe mini. Suka taru kamar yadda suka taru wa farar mota, sai dai wannan karon ba mai dariya. Kowa ya gane nasa. Wani ya miƙa hannu zai shafa, na ce ya janye, na mai ƙarafa ne na saya, a kilo. Shugaba ya ce in faɗi kuɗi ko nawa ne. Na ce abin da na biya mai ƙarafa shi za su mayar, ba ƙari, don mu ba macuta ba ne. Amma kafin nan akwai sharaɗi. Duk mai son kekensa zai tsaya a bakin layi, daidai inda motar ta tsaya, da rana tsaka, ya faɗa da ƙarfi cewa Baba bai taɓa cutarsa ba, ƙarya ya yi masa. Sannan ya taka har gida ya maimaita a gaban mai sunan.

Suka ce abin ya yi tsauri. Na ce to, mai ƙarafa yana nan, sikelinsa bai lalace ba. Kwana ɗaya suka yi suna gunaguni, washegari shugaba da kansa ya fara. Ya tsaya da tumbinsa a rana yana magana ƙasa-ƙasa, na ce daga nan ba na ji, ranar dariya ai har bakin titi ana jin muryarsa. Ya maimaita. Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu shaguna na leƙowa, masu wucewa na tsayawa. Wata mata mai ɗinkin kayan jarirai, wadda ta ce ita tun tuni ta lura idon Baba ba na gaskiya ba ne, sai da na sa ta faɗi wannan ma ta janye. Ban rage wa kowa ko harafi ba. A gida kuwa Baba yana zaune a rumfa, in mutum ya gama sai ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ya kwance tsohon ƙyallen, ya ɗaura sabo da sabuwar rana. Ni a ganina ya yi musu sauƙi da yawa, amma na ga yana cin abinci, na ga ya sa an mayar da ɗamararsa huda ɗaya baya, sai na yi shiru.

Goma sha takwas suka tafi, saura ɗaya. Dogo bai zo ba sai da kowa ya gama, wai kunya. Ranar da ya zo shago, ya tsaya daga nesa yana murza hula, ya kira ni da 'yata. Na ce uban da ya haife ni yana gida, shi ne wanda aka ce yana ɗaura wa keke ƙyalle kamar akuya. Ya ce a shirye yake ya tsaya a bakin layi ya faɗi duk abin da nake so. Na ce nasa ba na sayarwa ba ne, ko zai kwana yana faɗa. Ba zan ɓoye maka niyyata ba. Na riga na aro babbar guduma wurin mai walda. Na shirya ranar da layin ya fi cika in ɗora keken nan a kan dutse a gabansa, in farfasa shi, in tattara gutsattsarin in kai masa har shago in ce ga gyaran da ba ya dawowa. Har na zaɓi dutsen. Sauran sun bi iska ne kawai, amma shi ya san Baba ciki da waje, ya san sau nawa Baba ya gyara masa keke ya ƙi karɓar komai lokacin da matarsa take kwance.

Ban san wanda ya kai wa Baba labarin gudumar ba, ina zargin Inna. Da na dawo gida na tarar ya ɗauke keken Dogo daga rumfa ya shigar ɗakinsa. Kwana uku yana kansa. Ya warware shi gaba ɗaya har ƙaramin noti, ya buɗe tsohon gwangwaninsa, inda yake ɓoye kayan gyara na asali da ba a samunsu yanzu, wanda ko ni ba ya bari in taɓa, ya zuba wa keken nan mafi kyawun abin da ke ciki. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Na ce wa Inna wato wanda ya fi kowa cin amana shi zai fi kowa samun gyara. A rana ta huɗu Baba ya ce in aika a kira Dogo. Ya zo, ya durƙusa a tsakar gida, ya fara magana yana kuka. Baba ya bar shi ya gama. Sannan ya sa aka ɗora keken a tebur, ya ce ya taka. Yaya, ban taɓa jin keke mai laushin murya irin wannan ba, kamar ba ƙarfe ba.

Ina jira in ga ya yanki ƙyalle, sai na ga ya kwance tsohon ya sa a aljihunsa, bai ɗaura komai ba. Ya ɗauko gwangwanin mai sabo da ƙaramar sukudireba ya ɗora a kan teburin, ya nuna wa Dogo ramuka biyar da zai riƙa ɗiga man da kansa. Sannan ya ce masa, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, ya duba ko'ina bai bar noti ko ɗaya a kwance ba, keken nan zai kai shi ƙarshen rayuwarsa, babu abin da zai sake dawo da shi gidan nan ko shagon nan, don haka ya sauka lafiya. Dogo ya ciro kuɗi, Baba ya ce ya mayar. Dogo ya ce a ɗaura masa ƙyallen ko ba rana a jiki, Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule. Mutumin nan ya fita da keke a kafaɗa yana tangaɗi kamar wanda aka ɗora wa gawa. Na mayar wa mai walda gudumarsa ba tare da na yi amfani da ita ba. Na gane ni yarinya ce a wannan fage.

Yanzu Baba ya koma shago, layin kuma ya dawo da gaisuwa har da rusunawa. Wai shi ne uban layi, wai ba a taɓa yin mai gaskiya irinsa ba. Ba na ɗaukar yabon nan da nauyi, na san nawa ne kilonsa. Shekaranjiya ma wani ya zo da almakashi mai batir, na ga mutum shida sun kewaye shi, har shugaba yana laluben aljihu. Na yi gyaran murya daga ƙofar shago, suka watse kamar ba su ba. Fararen kekunan suna nan a saman kabad-kabad sun zama wurin ajiye zare, na Gwaggo kuma har yau yana cikin kwalinsa, ta ce in an tashi auren Auta a sa mata a kaya. Dogo kaɗai ne kekensa ba ƙyalle a duk layin, kuma kowa ya shiga shagonsa sai ya lura. Kullum safiya yana wucewa ta gabanmu, ya rage tafiya daidai bencin, Baba ya sunkuyar da kai kan aiki har ya wuce.

Saura abu ɗaya, shi ne ban gaya wa kowa ba sai kai. Kofin nan mai ɓallen hannu yana nan a shago. Satin da ya wuce na ɗauke shi don haushi, na zuba baƙin kananzir a ciki ina wanke notuna, na bar shi a ƙasa kusa da shara. Baba ya gani ya wuce. Washegari da na zo buɗe shago, ya riga ni. Na tarar an wanke kofin da sabulu har ba warin komai, an kife shi a gefen bencin, a wurinsa na da. Da mai shayi ya kawo, na ga hannun Baba ya nufi kofi biyu, sannan ya tuna, ya janye. Ya sha nasa shi kaɗai yana kallon titi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na gode da takalmin, ya yi mini daidai. Ka shafa mini kan Babba da 'Yar Baba, ka ce wa Ƙarami in bai daina yage littattafansa ba zan zo da sukudirebata. Inna tana gaishe ku, ta ce a turo mata hoton yaran na kwanan nan. Gwaggo da Auta suna gaisuwa. Baba ya ce in gaya maka yana sa maka albarka, kuma kada ka damu da zancen rufi, shi zai hau ya duba da kansa, ni kuwa na ce sai dai in bayan raina. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Game da Dogo, in ya sake kiranka, ka gaya masa ka yi mini magana na ƙi. Ka ce ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Ka faɗa masa duk abin da ke cikin takardar nan in ka ga dama, har da gudumar. Amma don Allah, Yaya, kada ka gaya masa zancen kofin.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Injiniya